Ƙarin doki ko sauke kaya: me ke sa mota tashi da gaske?

In mutum yana so motarsa ta riƙa fizga da zarar ya taka totur, inji zai taɓa ko kuwa kaya zai sauke mata? Masu sha'awar motoci sun daɗe suna tafka muhawara a kan wannan tambaya, bidiyoyin da ke yawo a intanet kuma sun ƙara rura wutarta. Za ka ga an sauya wa mota salansa, ta kama ruri har da tartsatsin wuta ta baya, a ce ta ƙaru da doki kaza. Za ka ga wani kuma ya kwashe kujerun baya da kafet da safaya, ya bar motar fayau kamar gwangwani, yana cewa shi ya gano bakin zaren. Har a ƙolin tseren motoci na duniya zancen bai mutu ba. A 2024 hukumar FIA mai kula da tseren motoci ta sanar cewa daga 2026 mafi ƙarancin nauyin motar Formula 1 zai sauka daga kilo 798 zuwa 768, bayan direbobi sun shafe shekaru suna kukan cewa motocin sun yi ƙiba.

Abin da ya sa muhawarar ba ta ƙarewa shi ne ana cakuɗa abubuwa uku da ba ɗaya ba ne: ƙarfin inji, tashin mota, da ƙurewar gudunta. Sai an raba su kafin a gane wane gyara ne ke taɓa wanne.

Doki, murɗawa da tashi

Inji yana juya sandar da ke cikinsa ne, ƙarfin da yake sa wa a wannan juyin shi ne ƙarfin murɗawa, ana auna shi da newton-mita (Nm). Kamar dai yadda hannunka ke murɗa sifana a kan noti. Ƙarfin doki kuwa yawan aikin da injin ke yi ne a cikin lokaci. James Watt ne ya yaɗa wannan ma'auni a ƙarshen ƙarni na 18, don ya nuna wa masu sayen injinansa na tururi dawakai nawa injin zai maye gurbinsu. Doki ɗaya kimanin wat 746 ne, wato kusan ƙarfin da zai ɗaga kilo 75 sama tsawon mita ɗaya a daƙiƙa ɗaya.

Su biyun a ɗaure suke da juna. Ƙarfin doki yana fitowa ne daga ƙarfin murɗawa da yawan juyin inji a minti. Injin da ke ba da Nm 200 a juyi 3,000 yana fitar da doki kusan 84. In ya iya riƙe wannan Nm 200 har juyi 6,000, dokin ya koma 168. Shi ya sa adadin da ake rubutawa a takardar mota yake yaudarar mutane. Wancan adadin na ƙololuwa ne, yawancin injinan fetur ba sa kaiwa gare shi sai suna kuka a juyi 5,000 ko sama. Mai tuƙin yau da kullum yana tsakanin 1,500 da 3,500 ne, abin da yake ji a bayansa idan ya taka totur ƙarfin murɗawar da ke wannan tsakanin ne.

Tashi kuma, wato saurin da mota ke ƙara gudu, tun 1687 Isaac Newton ya warware lissafinsa: ƙarfin da ke tura abu, a raba shi da nauyin abin. Lissafin rabawa ne mai sama da ƙasa. Ka ƙara na sama, amsa ta ƙaru. Ka rage na ƙasa, amsa ta ƙaru. Masu taɓa inji da masu sauke kaya a kan jimla ɗaya suke aiki, kowa ya kama gefensa.

Kilo nawa ke kan kowane doki

Ma'aunin da ya fi faɗin gaskiya shi ne doki nawa ke jan kowane tan. Ɗauki mota mai kilo 1,400 da doki 140: doki 100 ne a kowane tan, ko a ce kowane doki yana ɗauke da kilo 10. In aka sauke mata kilo 100, ta koma doki kusan 108 a tan. Da ta hanyar inji za a nemi wannan riba, sai an ƙara doki kusan 11. Ke nan a irin wannan mota, duk kilo 10 da aka cire daidai yake da ƙarin doki ɗaya, fasinja mai kilo 70 kuma daidai yake da asarar doki kusan 7. Duk wanda ya taɓa hawan tudu da mota cike maƙil ya san wannan a jikinsa, ko bai taɓa yin lissafin ba.

Tarihin Volkswagen Golf GTI ya nuna abin sarai. Ta farko da ta fito a 1976 doki 110 gare ta, nauyinta kimanin kilo 810. Ta 2020 tana da doki 245, nauyinta ya kai wajen kilo 1,400. Doki ya ninka fiye da sau biyu, amma abin da ke jan kowane tan bai ƙaru da ko kashi ɗaya bisa uku ba. Ƙiba ta cinye sauran. Ba kuma ƙibar banza ba ce: jakunkunan iska, ƙarafan kariya a ƙofofi, na'urar sanyaya ciki, na'urorin tace hayaƙi, girman jiki, duk su suka taru suka yi wannan nauyi.

A ɗaya ɓangaren ga Lotus Elise ta 1996. Injinta lita 1.8 ne mai doki 118 kacal, irin wanda za ka samu a motar gida, amma nauyinta kimanin kilo 725 ne, kuma tana kaiwa gudun kilomita 100 a awa cikin kusan daƙiƙa 6. Mota mai doki 250 da kilo 1,800 tana da doki 139 a tan. Elise tana da sama da 160. Colin Chapman, wanda ya kafa kamfanin Lotus, ana jingina masa maganar cewa ƙarin ƙarfi a miƙaƙƙiyar hanya kaɗai yake sa ka sauri, rage nauyi kuwa a ko'ina yake sa ka sauri. Yana nufin har a kwana da wajen taka birki.

Akwai wurin da rage nauyi ba ya taɓuka komai sosai, shi ne ƙure maleji. A babban gudu abokin faɗan mota iska ce. Turjiyar iska tana ninka sau 4 idan gudu ya ninka sau 2, ƙarfin da ake bukata don keta ta kuma yana ninka sau 8. Don haka ko ƙarin doki ma ba ya sayen gudu da araha: ka ƙara kashi 10 cikin 100 na ƙarfi, motar da ke ƙurewa a 200 za ta ƙure a wajen 206. Kwashe kujeru zai sa ka isa can da wuri, amma ba zai ɗaga maka rufin ba.

Ba kowane kilo ne daidai da ɗan uwansa ba

Nan ne abin ya fi daɗin bayani, nan ne kuma aka fi yin kuskure.

Kilo ɗaya a cikin but, ɗaukarsa kawai ake yi. Kilo ɗaya a taya kuwa aiki biyu ake masa: a tura shi gaba, a kuma juya shi. Nauyin da ke can bakin taya inda take taɓa ƙasa kusan ninki biyu yake ci, na wili kuma wajen ɗaya da rabi. Ban da haka taya da wili da birki suna ƙarƙashin sifirin ne, su ke bin kowane rami da tudu. In sun yi nauyi, shokazoba tana shan wuyar mayar da tayar ƙasa bayan ta yi tsalle, tayar da ba ta manne da ƙasa kuwa ba ta tura mota, ba ta tsayar da ita. Saboda haka wili mara nauyi yana cikin gyaran da ke biyan kuɗinsa.

Abin dariya a nan shi ne yawancin masu sauya wili akasin haka suke yi. Sai a cire mai inci 16 a sa mai inci 19 don ado, nauyi ya ƙaru, ya kuma koma nesa da tsakiya inda ya fi wahalar juyawa. In tsayin tayar gaba ɗaya ya ƙaru, kamar an tsawaita giya ne. Motar ta yi kyau a hoto, tashinta ya ragu.

Haka zancen yake ga fulawil, faifan ƙarfen nan mai nauyi da ke bayan inji. In an sa mara nauyi, inji yana saurin ɗaukar juyi, ana kuma jin bambancin sosai a giya ta ɗaya da ta biyu, domin a nan ne inji ke juyawa sau da yawa kafin taya ta juya sau ɗaya. Farashinsa shi ne motar ta riƙa mutuwa a hannun wanda bai iya sakin kuloci ba, ta kuma riƙa karkarwa a tsaye.

Sai batun inda nauyin yake zaune. Na sama ya fi na ƙasa illa, domin shi ke sa mota kwantawa a kwana. Lokacin da BMW ta fitar da M3 CSL a 2003, wadda ta fi 'yar uwarta rashin nauyi da kimanin kilo 110, rufinta na zaren kabon ne, wani abin ƙira mai ƙarfi mara nauyi, don a rage nauyi daga wuri mafi tsayi. Kariyar ɗora kaya da ake ɗaurawa a rufin mota a bar ta shekara da shekaru babu komai a kai, laifinta biyu ne: nauyi a sama, da tare iska.

Gaba da baya ma akwai magana. In mota ta zabura, nauyinta yana komawa baya. Mai ja da tayoyin baya tana cin ribar haka, domin tayoyin suna ƙara dannuwa. In ka kwashe mata duk abin da ke baya, ka rage mata riƙo, sai ta riƙa murza taya a wuri ɗaya. Mai ja da tayoyin gaba kuwa, in aka sauke mata baya da yawa, bayan yana iya yin wutsiya idan aka taka birki a cikin kwana. Rage nauyi ba tare da duba rabonsa ba yana iya sauya halin mota gaba ɗaya.

Me kamfanoni ke yi, me ake yi a gareji

Kamfani in zai rage nauyi, kayan ƙira yake sauyawa. Ƙarfe yana da nauyin gram 7.85 a kowane dunƙule mai santimita ɗaya a tsawo da faɗi da kauri, alminiyam 2.7, magniziyam kusan 1.7, zaren kabon wajen 1.6. Ba a samun duk wannan rata a aikace, tunda alminiyam sai an ƙara masa kauri kafin ya yi taurin ƙarfe, amma ribar da ke saura tana da yawa. Ford ta mayar da bodin F-150 na alminiyam a samfurin 2015, ta rage har kusan kilo 320. McLaren ta shigo da shasin zaren kabon Formula 1 tun 1981 da motarta MP4/1. Mazda kuwa gram-gram take bi, kowane noti da waya sai an tambaye shi dalilin nauyinsa, har MX-5 ta 2015 ta fito ƙasa da wadda ta gabace ta da kusan kilo 100. A 2022 wasu ƙungiyoyin Formula 1 sun kankare fenti daga jikin motocinsu don neman 'yan gram ɗari-ɗari, domin a wurinsu kilo 10 yana cin kusan kashi 3 cikin 10 na daƙiƙa a kowane zagaye.

Duk waɗannan an yi su ne da lissafin injiniya da gwajin karo. Mai mota a gareji ba shi da wannan, abin da yake da shi sifana ce. Abin da zai iya cirewa ba tare da ya yi wa kansa illa ba kaɗan ne: tarkacen da ke but, kariyar ɗora kaya da ba a amfani da ita, manyan lasifika da akwatinsu. Mai ma nauyi ne, tunda litar fetur kusan gram 750 ce, tanki mai lita 50 ya kusa kilo 38. Batirin litiyam yana iya sauke kilo goma ko fiye, sai dai da tsada. Daga nan kuma sai a fara biya da jin daɗi: cire kujerun baya, kafet, abin tare ƙara, na'urar sanyi. Motar tsere ba ta damu ba. Motar da ake kai yara makaranta da ita kuwa ta zama tanda mai ƙara.

Akwai kuma layin da bai kamata a ƙetare ba. Ƙarfen da ke cikin bamba, sandunan da ke cikin ƙofa, ginshiƙan rufi, bel, jakar iska. An ƙera gaban mota ya lanƙwashe daki-daki ya shanye dukan karo kafin ya iso ga mutum. Wanda ya huda waɗannan ko ya yanke su don ya samu kilo biyar, garin gyaran gira zai rasa ido. Motocin tsere da ake gani an kwashe musu ciki, an mayar musu da kejin ƙarfe, da kujera mai rungume jiki, da bel mai hannu biyar ko shida, direban kuma da hular kwano. A bidiyo abin da aka cire ake nunawa, ba a cika nuna abin da aka ƙara ba.

Ɓangaren inji: maganar iska ce

Injin fetur yana son kimanin kilo 14.7 na iska a kowane kilo ɗaya na mai. Ƙara mai abu ne mai sauƙi. Shigar da iska ita ce wahalar. Kusan duk wani gyaran ƙara doki dabarar shigar da iska ce, ko fitar da hayaƙi da sauri don sabuwa ta samu wuri. Iska mai sanyi ta fi mai zafi cika, kusan kashi 3 cikin 100 a duk digiri 10, a wurare masu tudu kuma inji mara tarbo (abin da ke cusa wa inji ƙarin iska) yana rasa kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a duk hawan mita 300.

Da wannan ma'auni za a iya tantance gyare-gyaren da aka fi yayi.

Filtar iska ta “tsere” da faffaɗan salansa, a motar da ba a taɓa cikin injinta ba, 'yan dawakai ne suke kawowa in ma sun kawo. Filtar da aka bari tsirara a ƙarƙashin bonet kusa da zafin inji tana iya rage ƙarfi ma, tunda iska mai zafi take shaƙa. Bututun hayaƙi in ya yi faɗi fiye da kima, hayaƙin yana rasa saurinsa, ƙarfin murɗawa a ƙananan juyi ya faɗi. Amma kunne yana yaudarar jiki: mota ta ƙara ƙara, mai ita ya rantse ta ƙara gudu. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

Sake rubuta lissafin kwamfutar mota, wadda makanikai ke kira birenbos, ya fi tasiri, amma ya danganta da irin injin. A mara tarbo abin da za a samu kaɗan ne, domin kwamfuta ba ta iya ƙirƙirar iska. A mai tarbo kuwa ita ke yanke yawan matsin da tarbon zai bayar, don haka ƙarin kashi 20 cikin 100 ko fiye ba abin mamaki ba ne. Daga ina wannan ƙarfin ya fito? Daga ratar da kamfani ya bari da gangan, saboda mai mara kyau, da tsananin zafi, da mai motar da ba ya juye baƙin mai a kan kari, da dokokin hayaƙi. Mai gyara wannan ajiyar yake cinyewa.

Tarbo shi ne babban makami. Injiniyan Suwizalan Alfred Büchi ya yi rajistar dabarar a 1905, ta shigo motocin kasuwa a 1962 da Oldsmobile Jetfire da Chevrolet Corvair a Amurka. Hayaƙin da ke fita yana juya fanka, ita kuma ta juya wata fankar da ke cusa iska cikin inji, juyin da kan wuce 150,000 a minti. Ƙarin matsin da ya kai rabin na iskar da ke kewaye da mu yana nufin, a lissafi, ƙarin iska kashi 50 cikin 100. A aikace bai kai haka ba, domin matse iska yana zafafa ta, sai an bi da ita ta na'urar sanyayawa. Akwai kuma sufacaja, wadda bel ɗin inji ke juyawa. Tana amsawa nan take, amma daga ƙarfin injin take ci. Sai iskar naitiros da ake fesawa, wadda kashi 36 cikin 100 na nauyinta oksijin ne, alhali a iskar da muke shaƙa kashi 23 ne. Ta 'yan daƙiƙu ce, kwalba ta ƙare a koma yadda ake.

Wani gyara da ba ya ƙara doki ko ɗaya amma yake sauya tashi shi ne gajarta giyar ƙarshe, wadda ke miƙa juyi daga giyabos zuwa tayoyi. Inji zai ƙara juyi a kowane juyin taya, mota ta fizga da kyau, a biya da yawan shan mai da kuka a doguwar tafiya.

Bashin da ƙarin doki ke ciwowa

Injin fetur na yau da kullum kusan kashi ɗaya bisa uku na makamashin mai yake mayarwa motsi. Sauran zafi ne, rabi ya fita ta salansa, rabi ta lagireto. Ke nan duk dokin da aka ƙara ya zo da zafin kusan doki biyu, lagireto da famfon ruwa da baƙin mai kuwa ba a tambaye su ba.

Babban abin tsoro shi ne mai ya fashe da kansa a cikin silinda kafin wutar filogi ta gama cinye shi a tsanake. Shi ne ƙwanƙwasar nan da ake ji kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Matsi da zafi suna jawo ta, man da ƙarfin oktensa (ma'aunin jure matsi) bai kai ba yana ƙara ta, in ta daɗe kuma tana fasa ringi, ta huda fistin, ta ƙona gaskit. Sa tarbo a injin da ba a ƙera shi da tarbo ba yakan bukaci a rage matsin silinda, a sauya nozul da famfon mai, a sake lissafin kwamfuta. Bayan inji akwai kuloci da zai fara zamewa, da giyabos da aka yi wa iyakar Nm da zai ɗauka.

Sannan ga taya. Duk dokin duniya ta wurare huɗu yake isa ƙasa, kowanne bai fi tafin hannu ba. In ƙarfi ya fi riƙon taya, abin da ya ragu hayaƙin roba ne. Birki kuma aikinsa mayar da gudu zafi: makamashin mota mai gudun 140 ya kusa ninka na mai gudun 100. Mai ƙara doki zai riƙa isa wannan gudun a gajeren wuri, da birkin da aka ƙera don tsohon ƙarfi.

A nan ne ni dai nake ganin masu rage nauyi sun fi hujja. Kilon da aka sauke ba ya ciwo wa kowane sashe bashi. Birki ya samu sauƙin zafi, taya ta ƙara kwana, kuloci ya huta, mai ya ragu. Ma'aikatar Makamashi ta Amurka tana ƙiyasta cewa rage nauyin mota da kashi 10 cikin 100 yana iya rage shan mai da kashi 6 zuwa 8. Rauninsu kawai shi ne rijiyar ba ta da zurfi. A motar gida da wuya a sauke fiye da 'yan gomomin kilo ba tare da an lalata ta ba, alhali inji mai tarbo yana iya ba da doki talatin a yini guda. Masu inji kuma suna da abin nunawa a motocin lantarki: GMC Hummer EV ta haura tan 4, batirinta kaɗai ya fi ƙaramar mota nauyi, amma da doki 1,000 tana kaiwa gudun kusan 100 a wajen daƙiƙa 3. Ƙarfi yana iya rufe ƙiba a miƙaƙƙiyar hanya. Tayoyinta da birkinta, da duk motar da ta yi karo da ita, su suka san nauyin yana nan.

Doka, inshora da mai saye na gaba

Ɓangare na uku a muhawarar hukumomi ne. Tun 1975 motocin Amurka suka fara zuwa da katalis, tukunyar nan da ke cikin salansa mai mayar da gubar hayaƙi zuwa abin da bai kai ta illa ba, dokar tsaftar iska ta ƙasar kuma ta haramta cire ta ko kashe ta. A Ingila, tun 2014 motar dizal da aka cire wa matatar toka ba ta cin gwajin shekara. A Jamus gyara mai muhimmanci sai ya samu amincewar masu duba motoci irin su TÜV, an kuma shigar da shi takarda. A motar zamani cire katalis ba ya ma kawo dokin a zo a gani. Abin da yake kawowa wari ne, da fitilar gargaɗi a dashbod, da guba ga wanda ke tsaye a bayanka.

Kamfanonin inshora a ƙasashe da yawa suna bukatar a sanar da su duk wani gyara, in aka ɓoye kuma suna iya ƙin biya ranar da haɗari ya auku. Kamfanin mota ma yana iya janye garanti daga abin da gyaran ya lalata, kwamfutocin yanzu kuma sukan bar alamar an taɓa su ko da an mayar da tsohon lissafi. Wanda abin ya fi faɗa wa a ƙarshe shi ne mai sayen motar hannu, wanda zai gaji injin da aka matsa wa shekaru, bai san an taɓa shi ba.

Dokin da ya ɓace tun kafin a nemi sabo

Tsohuwar mota da wuya ta riƙe adadin da aka rubuta mata. Filtar da ta toshe, filogin da ya cinye, nozul mai datti, birkin da ke riƙe taya, tayar da iskarta ta yi ƙasa, kowanne yana satar kaɗan. Maido da waɗannan shi ne ƙarin dokin da ya fi araha, ba ya kuma ɗora wa inji abin da ba a ƙera shi ya ɗauka ba. Bayansa sai taya mai kyau, sai birki, sai sauke abin da ba shi da amfani. Inji ya zo daga baya, in har yanzu ana so.

Ko wane gyara aka yi, auna shi ne ke raba gardama. Ana ɗora mota a na'urar daino, tayoyinta su juya nadi, a karanta ƙarfin da ya iso ƙasa, wanda kan yi ƙasa da na inji da kashi 10 zuwa 15 ko fiye saboda abin da giyabos ke ci. A na'ura ɗaya ake aunawa kafin gyara da bayansa, a yanayin zafi iri ɗaya, in ba haka ba sanyin safiya kaɗai yana iya ba da “ribar” da za a jingina wa sabon salansa. Nauyi kuma sikeli ke faɗinsa, an fi so a auna kowace taya daban don a ga inda ya koma. Masu tseren miƙaƙƙiyar hanya na mita 402 suna da nasu ƙiyasin da suka daɗe suna aiki da shi: duk kilo 45 da aka sauke, kusan kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa yake ragewa.